Gatarin Kurege da Baiwar Allah

Itatuwan ƙasarmu ba sa jiran ruwa kafin su yi fure. Duk wanda ya bi titin da ya taso daga Tambuwal, ya ratsa Aliero zuwa Jega, ya miƙe Maiyama, tsakanin Fabrairu da Afrilu, zai shaida haka in dai ya ɗaga kai. Gonaki sun koma fili fetal, an kwashe kara, ɗan abin da ya rage shanu sun tattake, zafi kan haura digiri 40 da rana tsaka. To a cikin wannan ƙunar ce ɗorawa ke sako jajayen tutu suna reto, marga ta lulluɓe kanta da rawayan fure, sansami ya kakkaɓe ganyensa kaf ya tsaya da fure mai ruwan hoda kaɗai. In dare ya yi sai dogon yaro ya karɓi aiki. 'Yan fararen furanninsa ba sa cika ido, amma ƙamshinsu kan iske mutum har bisa tabarmarsa a tsakar gida. Dalilin wannan sammako a fili yake: itacen da ya yi fure da bazara, 'ya'yansa za su nuna su faɗi dab da jiƙewar ƙasa, iri ya sami damina cikakkiya ya kafa saiwa kafin rani ya dawo.

Na sha jin ana cewa Bahaushe bai san daɗin fure ba, shi dai abin da zai shiga tukunya. Masu faɗin haka da takaici suke faɗa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. Ba ma tsinke fure mu sa a kwalba, ba ma kai wa majinyaci, amarya kuwa lalle da turare muka san ta da su. Sai dai hukuncin ya yi gaggawa. Mutanen da ba su damu da abu ba ba sa raɗa masa suna, balle su bi kowane mataki na rayuwarsa su ba shi nasa.

Dubi ɗorawa. Tun furenta yana dunƙule ana ce da shi gunda. Ya buɗe ya yi ja, ya zama tutu. Furen ya kaɗe, 'yan siraran kwanso suka leƙo, sabada ke nan. Suka yi tsawo ba su kai ga nuna ba, garda. Daga nan ne sunayen kasuwa ke farawa: garin ɗorawa, kalwa, daddawa, da makubar da ake yi da ɓawon a shafe daɓe da katanga. Gunda da tutu da sabada ba kayan awo ba ne, ba wanda ya taɓa kai su kasuwar Jega. Wanda ya ba su suna mutum ne da ya riƙa wucewa ƙarƙashin itacen safe da yamma yana duban abin da ya sauya daga jiya zuwa yau. Yara sun san tutu da baki, suna tsotse zumar da ke taruwa a jikinsa. Jemagu sun san shi da dare, su ne kuma ke ɗaukar ƙurar fure daga wannan itace zuwa wancan, wadda in babu ita babu kalwa. Har launi ma wurin tsirrai muka aro shi. Ruwan ɗorawa daga garinta ne. Rawaya kuwa wani ɗan tsiro ne da kan fitar da fure a daidai ƙasa bayan wuta ta ci daji, ba kara ba ganye, sai furen zaune bisa toka, saiwarsa ce ake rini da ita.

Babban farin cikin shekarar manomi dai da fiffike yake zuwa. Sai mutum ya san bazara kafin ya gane nauyinsa. Rumbu ya yi ƙasa, rijiyoyi sun ja baya, dabbobi sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, samari sun tafi cin rani, barci ya gagara sai a waje. Kowa idonsa na gabas. Ana cikin haka wata rana a ga baƙaƙen tsuntsaye masu farin ciki suna jewa can sama, suna sauka ɗaya ɗaya bisa kuka ko tsamiyar bakin masallaci. A Kashin Zama, ko Sabiyal, ko duk wani gari na wannan yanki, in aka ce shamuwa ta zo, an gama magana. A fitar da iri a duba ko gara ta taɓa shi, a kai galma da fartanya wurin maƙeri, a kira waɗanda ke kudu a ce su fara ɗaure kaya.

Tsuntsuwar kuwa ba ta yi mana ƙarya, don ruwan take bi da gaske. Tana hayayyafa a nan arewa cikin daminarmu, in kaka ta kama ta tashi ta nufi gabashi da kudancin Afirka, inda a lokacin ne tasu daminar ke farawa. Masu bincike sun ɗaura wa wasu shamuwoyi na'ura a kudancin Nijar, suka bi sawunsu ta tauraron ɗan Adam har ƙasashen da ke kudu da tafkin Biktoriya. Ke nan wadda ke tsaye bisa kukar unguwarmu, wata uku da suka wuce fara take tsinta a gonakin mutanen da ba mu taɓa jin harshensu ba. Fara da tsutsa ne cimarta, kuma wannan ya ƙara mata daraja wurin mai shuka. Ba ta gudun mutane. Cikin gari take sheƙa, bisa kawunanmu, ta zubo mana kashi da ƙirare, mu kuwa mu haƙura. Yaron da ya ɗaga mata danƙo zai ji muryar kakarsa daga cikin ɗaki: "Kai mai gida, aje danƙon ga, ba a jifar baƙuwar da ta zo da ruwa." Ba hukuma ce ta kafa wannan dokar ba, kuma ta fi dokokin hukuma da yawa daɗewa da aiki.

A daidai lokacin da muke tarbar shamuwa ne muke sallamar waɗansu baƙin ba tare da mun lura ba. Tsuntsaye da yawa da suka yi hunturu a fadamunmu, har da wasu daga cikin tsattsewar da muke gani suna yankan iska, a Maris da Afrilu suke haye Sahara su koma Turai su yi sheƙa. Mutanen can kan fito su tarbe su da murna, don isowarsu ce ke nuna sanyi ya karye. Murnar tasu da tamu iri ɗaya ce, kowa ya ga alamar cewa wahalar shekara ta zo ƙarshe. Alhudahuda ma, wanda kowane almajiri ya san labarinsa da Annabi Sulaiman a Suratun Namli, kan yi kiwo a ƙasarmu yana caccakar ƙasa da dogon bakinsa, in ya sauka ya baza tukkunsa ya naɗe.

Sai ruwan farko. Ba zan tsaya kan ƙamshin ƙasa ba, kowa ya san shi. Abin da ke biyo baya ne ya fi ɗaukar hankalina. Da magariba gina ta fashe daga suri, shirwa da hankaka da tsattsewa da kaji da ƙadangaru da yara kowa ya fito rabo. Kwaɗin da suka yi wata da watanni a binne suka buɗe maƙogwaro. Kafin ciyawa ta rufe ƙasa, a gefen fadama da wuraren da ruwa ke kwanciya, sai ga wani kara mai kauri ya ɓullo ɗauke da manyan fararen furanni, kowane da jan zane a tsakiyarsa. Duk rani yana nan ƙarƙashin ƙafarmu, dunƙule cikin kwararonsa, yana jira. Sunansa albasar kwaɗi.

A ƙasar Aliero wannan suna yana da wani daɗi na daban, don nan ne gidan albasa. Da ita garin ya yi suna, ita da ɗori. Mutumin nan ya san albasa tun tana iri baƙi a tafin hannu, ya san dashe, ya san ban ruwa, ya san yadda ake jera ta a rumfa don kada ta ruɓe kafin ta yi tsada, ya san manyan motocin da ke lodinta zuwa kudu. Ya ma san furenta, don wadda aka bari domin iri kan fitar da dogon kara da farin dunƙule a kai, ƙudan zuma su yi ta shawagi. Mutum irin wannan ya tono wani abu a bakin tafki, ya ga siffar albasa ce sak amma ba ta ciwuwa. Da ya ga dama da ya ce albasar banza, ko albasar ƙarya. Bai ce ba. Ya dubi inda ta tsiro, ya dubi waɗanda ke zaune wurin, ya ce ta kwaɗi ce.

Wannan ɗabi'a ta cika sunayen tsirranmu. Akwai albasar kura. Akwai gyaɗar awaki. Duman da ke malala bisa yashin Gulbin Zamfara yana buɗe furanni masu ruwan shanshanbale da safe, wasu na ce masa duman rafi, wasu duman kada. 'Yar ciyawar nan mai farin ruwa da ke fitowa ko a gindin katanga, nonon kurciya. Wata ƙafar fakara, wata harshen saniya. Wanda ya fi burge ni duka shi ne gatarin kurege, wanda wasu ke kira baurairai. Tsiro ne mai yaɗo, yana kama ciyawa da sabara da bakin ganyensa ya hau, cikin tsakiyar damina ya buɗe fure mai kunnuwa 6 da suka lanƙwasa baya, ja da rawaya, gefensu a murɗe. Ban san furen da ya fi shi kyau a dajinmu ba. Guba ne kuma, mai kisa, musamman saiwarsa. Ita saiwar a karye take, da gwiwa, siffar ƙota da ruwan gatari, amma ƙarama ainun. Wani ya tono ta, ya juya ta a hannu, ya tambayi kansa wane ne zai iya saran itace da wannan, sai ya tuna da kurege.

Ina ganin a nan ne amsar masu cewa ba mu damu da abin da ba a ci ba take. Kakanninmu ba su raba duniya gida biyu ba, mai amfani da marar amfani. Abin da bai yi musu ba sai su nema masa mai shi. Daji a idonsu gari ne da mazaunansa, kwaɗo na da lambu, awaki na da gyaɗa, kada na da duma, kurege na da kayan aiki. Akwai raha a cikin wannan, akwai kuma ladabi: mutum ya yarda cewa ba don shi kaɗai aka shimfiɗa ƙasa ba. Daga wannan yarda ce nake jin daɗin kallon fure ke fitowa. Abin da ka mallaka lissafi yake sa ka, nawa zai ba ni, yaushe zai nuna, wa zai sace. Gatarin kurege ba naka ba ne, ba ka shuka shi ba, ba za ka girbe shi ba, ba ka da bashin taki a kansa. Shi ya sa idonka kan huta in ya sauka a kai.

Haka zancen yake a wajen tsuntsayen gida. Lambun Bahaushe tsakar gidansa ne, kuma ba da niyya ya gayyaci tsuntsu ba. Turmi ne ya gayyato su, da sussuka, da shiƙa, da tsabar da ke tsalle ta faɗi, da ruwan wanke-wanke, da zogale ko gwandar da ke bayan ɗaki. Hausawa sun ce albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, to kurciya da gwara ma a wannan albarkar suke sha. Mata ne suka fi kowa sanin waɗannan baƙi, don su ke yini da su. Matar da ke daka ta san kurciyar da ke fara sauka, ta san asisi mai shuɗin ƙirji ba ya zuwa sai da matarsa, ta san hasbiya ba ta yarda ta sauko sai gida ya yi shiru. Wannan ilimi ne, ko da ba a taɓa rubuta shi ba.

A cikinsu duka babu mai shiga rai irin baiwar Allah. Tsawonta bai fi santimita 10 ba. Namijin ja ne, macen ruwan ƙasa da ɗan ja a gindin wutsiya, da 'yan fararen ɗigo a gefen ƙirji waɗanda sai ka matso kake gani. Kuma tana barin ka matso. Takan zo har bakin ƙafar mai tankaɗe, ta shiga ɗaki ta fita, ta yi sheƙa cikin jinka ko ramin katanga ta shimfiɗe ta da gashin kaza. Mu kan ce "wata baiwar Allah" in muna zancen macen da ba mu san sunanta ba amma muna so mu ambace ta da mutunci. Wannan sunan aka ɗauka aka ba tsuntsuwar da ba ta kai loma ɗaya ba. Sauran halittu an raba musu albasa da gyaɗa, ita kuwa aka ce ita kanta mai ita Allah ne. Wanda ya taɓa ta ya san da wa ya yi.

Akwai wani sirri a sheƙarta da masana tsuntsaye suka bi diddigi. Wani ɗan tsuntsu, wanda namijinsa baƙi ne mai sheƙi, ba ya gina sheƙa sam. Macen kan faki ido ta saka ƙwanta cikin na baiwar Allah. In an ƙyanƙyashe, zanen da ke cikin bakin ɗan baƙon iri ɗaya ne da na 'ya'yan gida, don haka uwa ba ta bambancewa, ta ciyar da su gaba ɗaya. Shi kuma ba ya kashe 'yan'uwan rainonsa, tare suke tashi. In ya girma kukan gidan da ya rene shi yake rerawa, da shi yake neman aure, macen da ta tashi a irin wannan gida ita ke amsa masa. Mun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wannan ya nuna cewa gidan da ake nufi shi ne inda aka ci aka sha.

Kirarin hankaka ma, mai da ɗan wani naka, ina zaton daga irin wannan kallo ya samo asali. Akwai tsuntsun da ke saka ƙwai a sheƙar hankaka, hankaka ya ƙyanƙyashe ya rena. Mutanen da suka ga baƙin tsuntsu mai farin ƙirji yana ɗura wa ɗan da bai yi kama da shi ba abinci, gaskiya suka gani. Inda suka yi masa rashin adalci shi ne da suka ɗauke shi ɓarawon 'ya'ya, alhali shi aka yi wa dabara.

In damina ta zauna sai maza su sake tufafi. Tsuntsun da ya yi rani da launin kara, ba mai kallonsa sau biyu, sai a wayi gari ya zama ja da baƙi yana kumbura bisa kan gero, aka ba shi sunan jan yadin sarauta, mulufi. Zalaidu ya fitar da wutsiyar da ta ninka jikinsa, yana jan ta a iska da ƙyar. Marai kuwa gari guda suke kafawa a itace ɗaya, hayaniyarsu kamar kasuwa ta cika. Namijin ke saƙa. Ya tsago siririn ganyen ciyawa ko na giginya da baki, ya ƙulla zobe a ƙarshen reshe, ya yi ta zurawa yana ja har ɗaki ya tashi da ƙofarsa tana duban ƙasa, sannan ya rataye kansa a ƙarƙashi yana kaɗa fiffike. Mace ta zo ta shiga ta duba. In ba ta yi mata ba ta yi gaba, shi kuma in sheƙar ta bushe ba ta sami mai so ba ya warware ta ya sake sabuwa. Na fi son kallon wannan aiki a kan duk wani abu da tsuntsu ke yi, saboda babu ha'inci a cikinsa, kowane zare a idon jama'a ake saka shi.

Amma ba zan yi wa manomi wa'azin son kowane fure da kowane tsuntsu ba, don zan zama wanda bai san ciwon gona ba. A cikin furannin damina kaɗan ne suka kai ƙuduji kyau. Gonar dawa ta cika da shi, ja-ja mai ɗaukar ido tun daga nesa, baƙo ya tsaya yana sha'awa, mai gona kuwa ya san shekararsa ta tafi. Tun kafin ya leƙo sama ya riga ya manne da saiwar dawa ko gero yana zuƙe ta. Tushe ɗaya kan zubar da iri dubun dubata, ƙanana tamkar ƙura, masu iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10 suna jiran hatsi. Ya fi kama gonar da ta gaji, wato gonar talaka. Ɗaya sunan nasa wuta-wuta ne, kuma duk wanda ya ga dawar da ya kama ya san dalili. Haka jan-baki. Masana na ƙiyasta cewa babu tsuntsun daji da ya kai shi yawa a duniya, wajen biliyan ɗaya da rabi. In garkensu ya taso yana murɗawa a sama abin kallo ne na gaske, in ya sauka a fadamar shinkafa kuka ne. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015 noman rani ya ƙara faɗi a jihar, fagen wannan yaƙi ma ya ƙara faɗi. Yaran da ke yini a kan rumfa suna kaɗa gwangwani da majajjawa har murya ta dushe ba za ka ce musu tsuntsu abin sha'awa ne ba. Harshenmu bai ɓoye wannan ba. Ya ba abokin gaba suna daidai da aikinsa, bai kuma sa laifinsa ya shafi baiwar Allah ba.

Mu ne yanzu muka fara kasa bambancewa. Maganin da jirgi ke fesa wa jan-baki a makwancinsa ba ya tambayar suna, yana kashe duk tsuntsun da ya kwana kusa, da shaho da shirwar da suka ci gawar. Ungulu, wadda a da ba mahautar da ba ta da rabonta, tun 2015 aka sa ta cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya, yara da yawa a yau a karin magana kaɗai suka san ta. Gauraka ta kusa ɓacewa daga Nijeriya baki ɗaya. Manyan itatuwa na tafiya a buhunan gawayi, alhali shamuwa ba ta sheƙa bisa sabara.

Wanda ya fi damuna shi ne maganin feshin ciyawa, don shi ya shiga kowace gona. Ban ga laifin wanda ya rungume shi ba. Ƙwadago ya yi tsada, noman fartanya na karya baya, kwalba ɗaya kan yi aikin mutum da yawa. Sai dai fartanya tana da ido. Mai noma da hannu in ya iske tafasa, ko lalo, ko karkashi, ko 'yar unguwa, yakan kauce musu, don ya san kafin sabon gero ya nuna su ne za su riƙe gida da kwaɗo da miya. Yakan bar wani tsiron don magani, wani kuma don ya saba ganinsa a wurin kawai. Bututun feshi kalma ɗaya ya sani, ciyawa, kuma yaron da ya tashi yana goya tankin a baya ita kaɗai zai gada. Zai rasa miyar, zai rasa furen, zai rasa ƙwarin da tsuntsaye ke ciyar da 'ya'yansu da su, bai kuwa san ya yi hasara ba, tunda bai taɓa jin sunan abin da ya ɓata ba.

Sunayen nan an taɓa tattara su. Wani likita Bature, Dalziel, ya fitar da littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ƙamusun Bargery na 1934 ma cike yake da su da na tsuntsaye. Daga bakin manoma da makiyaya da mata masu miya suka ji. Abin kunya ne a ce jikokin waɗanda suka faɗa sai sun buɗe littafin baƙo kafin su san gatarin kurege. Tun 2006 akwai jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero. Ɗaliban da ke karatun tsirrai da dabbobi a can ba su da uzuri, don tsofaffin da suka san waɗannan sunaye da lokacin fitowar kowane suna nan da ransu a Kashin Zama da Jiga da Ɗanwarai, tafiyar ɗan lokaci a kan babur. A zauna da su, a ce "Baba, wannan fa?", a rubuta yadda suka faɗa da harshen wurin, hure ne ko huda, sure ne ko yakuwa. Malamin firamare ma zai iya fita da yara bayan gari ranar da aka wayi gari da ruwa, kowa ya nuna tsiro biyar ya faɗi sunansu.

A gona kuwa abin da nake roƙo bai da yawa, kuma tsohuwar al'ada ce. Iyakar gona da gamba ake yinta. Layin gambar nan shi ke tare ƙasa in ruwa ya yi gudu, shi ke ba da zana da kaka, shi ke kashe gardamar iyaka tsakanin maƙwabta. A gindinsa fakara ke ƙwai, a jikinsa gatarin kurege ke hawa, daga irinsa ƙananan tsuntsaye ke ci in rani ya yi nisa. Mai feshi ya ɗaga bututunsa in ya rage taku biyu ya kai iyaka, maƙwabcinsa ma ya yi haka ta nasa gefen. Hatsin da za a rasa a wannan ɗan tsiri bai kai dami ba, miyar da za a tsinka a cikinsa kuwa za ta kai gida har kaka.